Yadda ake kwafe tsohon kaset ɗin gwaji na mawaƙan synthpop zuwa kwamfuta ba tare da an ɓata shi ba

Kafin kamfanin faifai ya ɗauki ƙungiyar mawaƙa, abin da take da shi bai wuce kaset ɗaya ko biyu da ta naɗa a ɗaki ba. Shi ake kira demo, wato naɗin gwaji. A Ingila tsakanin 1977 da 1981, matasan da suka fara kiɗan synthpop, wanda ake yi da sintesaiza da injin ganga maimakon jita, da yawansu ta wannan hanya suka bi. Depeche Mode sun taso a garin Basildon a 1980 da sunan Composition of Sound, suna yawo da kaset ɗinsu ofis-ofis a Landan. Daniel Miller na kamfanin Mute bai kula su ba a jin farko, sai da ya gan su suna wasa a mashayar Bridge House da ke unguwar Canning Town a Landan, sannan faifansu na farko ya fito a Fabrairun 1981. Soft Cell sun haɗu a Leeds Polytechnic, The Human League kuma a Sheffield. Irin waɗannan naɗe-naɗe an yi su ne da rakoda ta gida, a kan kaset mai arha, kuma yanzu sun haura shekara 40. Duk wanda irin wannan kaset ya shigo hannunsa yana iya samun damar kunna shi sau ɗaya kacal kafin zaren ya tsinke. Saboda haka aikin yana da tsari, kuma jigonsa shi ne kwafin farko ya fito daidai da abin da ke kan zaren, babu ƙari babu ragi. Gyara yana zuwa daga baya, a kan wani fayil daban.

Duba kaset ɗin kafin ya kusanci rakoda

Fara da ɗaukar hoton kaset ɗin gaba da baya, da takardar cikin kwalinsa, da duk wani rubutun hannu. Wannan rubutu sau da yawa shi ne kaɗai shaidar shekarar da aka yi naɗin. Sannan ka karye ƙananan harsuna biyu da ke saman kaset ɗin, domin ko yatsa ya zame kan maɓallin naɗi, rakodar ba za ta goge komai ba.

Ɗaga shi ga haske ka leƙa ta tagar tsakiya. Idan ka ga fari-fari kamar gari ko saƙar gizo a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Kada ka kunna shi, domin za ta shafe kan rakodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zare, ta kuma bi sauran kasusuwan da za ka saka bayansa. Irin wannan sai a ware shi a busasshen wuri a kai wa wanda ya ƙware.

Duba ƙasan kaset ɗin, inda zaren yake wucewa a fili. A tsakiya akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zaren ya manne da kan rakoda. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi. In babu shi, sautin zai fito a dushe yana zuwa yana ɗaukewa. Maganin da ya fi tsafta shi ne a canza wa zaren gida: nemi wani kaset mai kyau irin mai sukuru biyar, ka kwance shi, ka cire zarensa, ka ɗora tsohon zaren da ƙafafunsa biyu a ciki. Kula da siraran ledoji biyu da ke shimfiɗe a ciki, su ke sa zaren ya juya ba gardama, kuma dole su koma yadda suke. Idan tsohon gidan na liƙe ne ba na sukuru ba, sai a tsaga shi a hankali ta gefe da wuƙa, nesa da zaren.

Wurin da zare ya fi tsinkewa shi ne mahaɗarsa da farar ledar da ke farkonsa. A haɗa shi da salatif na musamman na haɗa zaren kaset, a bayan zaren, wato ɓangaren da ba ya taɓa kan rakoda. Salatif na ofis yana tsatso gam, ya liƙe zagayen da ke kusa da shi, bayan 'yan watanni ya ɓata wajen gaba ɗaya.

Saka biro mai kusurwa shida a ƙafa ɗaya ka juya. Idan ya yi tauri, kada ka tilasta. Idan yana tafiya sumul, sa shi a rakoda ka tura shi har ƙarshe, ka dawo da shi farko, sau ɗaya. Wannan yana sassauta zaren da ya daɗe a naɗe, yana kuma rage amon da wani zagaye yake bari a kan na kusa da shi, wanda ake ji kamar kiɗan ya fara a ɓoye kafin ainihin farawarsa.

Akwai maganar gasa zare da ake yawan yi. Wasu zaruruwan manyan faifan naɗi na shekarun 1970 da 1980 sukan tsotsi danshi su yi danƙo, kuma ƙwararru sukan ɗumama su a zafi kusan digiri 50 na awoyi. Kaset ba kasafai yake buƙatar haka ba, kuma murhun girki ko zafin rana ba su da alaƙa da wannan aikin, narkar da gidan kawai za su yi.

Rakoda da sauran kayan aiki

Ana buƙatar rakodar kaset ta tebur mai mafitar sauti biyu a baya, irin na Nakamichi, Tascam, Technics, Denon ko Sony. Ƙananan na'urorin roba masu USB da ake sayarwa da arha ba su dace ba: gudunsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, wasunsu ma MP3 kawai suke fitarwa. A kiɗan sintesaiza rawar gudu tana fitowa fili fiye da ko'ina, domin sautin yana da tsawo kuma a miƙe yake, ɗan karkacewa kaɗan kunne zai kama.

Sai na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta mai ƙofa biyu, da waya daga rakoda zuwa gare ta, da abin saurare na kunne mai kyau, da ƙaramin sukundireba wanda ba shi da maganaɗisu. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa.

Goge kan rakodar da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga mai tsinke da aka tsoma a sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 99 cikin 100. Tayar robar da ke matse zaren kuma a goge ta da ɗan ruwa, domin yawan sinadarin yana busar da roba. Jira minti biyar komai ya bushe. Maimaita gogewar bayan kowane gefe na kaset, saboda tsohon zare yana zubar da jan gari, kuma ɗan abin da ya taru a kai ya isa ya cinye siririn sauti. A lokacin hunturu, rufe tagogi, ƙura tana yin irin wannan ɓarnar. Gwada rakodar da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna. In bel ɗinta ya saki za ka ji kiɗa yana lilo, in tayar ta ƙeƙashe za ta tauna zare.

Wuta ma abin lura ce. Kada a yi kwafi a kan janareta ko inbata mai arha, gurnaninsu yana shiga sauti, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya sa zare ya harɗe. Cire cajar kwamfutar ka bar ta a kan batir, wannan kaɗai yakan kashe mafi yawan gurnanin da ake ji.

Gane irin naɗin da ke kan zaren

Kasusuwa iri-iri ne, kuma ramukan da ke samansu suke faɗa. Nau'i na ɗaya, na gama-gari, ramukan harsunan nan biyu kawai gare shi, ana kunna shi a kan saitin rakoda na 120 µs. Nau'i na biyu, na kurom, yana da ƙarin rami a jikin kowane harshe, ana kunna shi a kan 70 µs. Nau'i na huɗu, na ƙarfe, yana da wasu ramuka biyu a tsakiya, shi ma 70 ne. In ka canza wa zare gida, tabbatar ramukan sabon gidan sun yi daidai da na tsohon, domin rakodoji da yawa da ramukan suke zaɓar saiti da kansu. Kaset na kurom da aka kunna a saitin gama-gari yakan fito da kaifi fiye da kima.

Sai batun Dolby, wato tsarin rage hucin zare. Idan an naɗa da Dolby B aka kunna babu shi, sautin zai yi haske da huci mai yawa. Idan ba a naɗa da shi ba aka kunna da shi, sautin zai dushe, kuma ƙarar kuge za ta riƙa nitsewa tana tasowa. Alamar da aka yi a takardar kaset ba abin dogaro ba ce koyaushe. Hanya mafi aminci ita ce a kwafa da Dolby a kashe, a ajiye wannan a matsayin uwar kwafi, sannan in zaren yana da ƙarfi a sake wani kwafin da shi a kunne.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne kaset mai layi huɗu. A 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio 144, wadda ta ba mawaƙan ɗaki damar naɗa layi huɗu a kan kaset na yau da kullum. Tana gudu ne a santimita 9.5 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun kaset da aka sani, wato 4.76, kuma tana cinye faɗin zaren duka ta fuska ɗaya. In ka saka irin wannan a rakodar gida, za ka ji kiɗan yana jan ƙafa, murya ta yi kauri, wasu kayan kiɗan sun ɓace, in ka juya gefe na biyu kuma ka ji sauran suna tafiya da baya. Wannan ba lalacewa ba ce, uwar naɗi ce ka samu, wadda ta fi kowane kwafi daraja. A nemo mata rakoda mai layi huɗu a kwafe layukan a lokaci guda. Ana iya kwafar gefe biyun daban a juya ɗaya a kwamfuta a ninka gudun, amma layukan ba za su zauna tare ba, domin babu rakodar da ke maimaita gudu ɗaya sak sau biyu. Samfurin 244 da ya biyo baya yana amfani da wani tsarin rage huci mai suna dbx, wanda in ba a warware shi ba sautin yakan fito a matse yana numfashi.

Daidaita kan rakoda

Nan ne ake samu ko a rasa rabin ingancin aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Kan rakodar da ta yi naɗin a 1980 da wuya ya kasance a tsaye cak. Ya ɗan karkata, kuma sautin ya kwanta a kan zaren da wannan karkatar. Idan kan rakodarka bai karkata daidai da shi ba, siririn sauti zai ɓace, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. Wannan kusurwa ita ake kira azimut.

Cire murfin ƙofar kaset, a yawancin rakodoji zamewa yake yi sama. A gefen kan da ke karanta sauti akwai sukuru biyu, ɗaya a ɗaure, ɗaya a kan sifirin. Mai sifirin shi ne naka. Yi masa alama da alƙalamin maka domin ka san inda yake tun asali. Kunna kaset ɗin, ka haɗe hagu da dama su zama sauti ɗaya a abin saurarenka, domin a haka kuskuren ya fi bayyana. Nemi wurin da injin ganga yake kaɗa kuge, ko ma hucin zaren kansa. Juya sukurun kaɗan-kaɗan, kada ya wuce rubu'in zagaye kowane ɓangare. Za ka ji sautin yana buɗewa, ya kai ƙololuwa, ya fara rufewa. Koma ƙololuwar ka tsaya. Akwai ƙananan ƙololuwa na ƙarya a gefe da gefe, saboda haka wuce ta farko da ka ji ka tabbatar babu wadda ta fi ta.

Kaset ɗin gwaji sau da yawa tarin naɗi ne na ranaku daban-daban, wani a ɗakin kwana, wani a wurin atisaye, wani an kwafo shi daga wani kaset. Kowanne da karkatarsa. Saurari kowace waƙa, in sautin ya dushe daga shigowar wata, tsaya ka sake daidaitawa ka kwafe ta daban. Gefe na biyu kuwa a sake masa daga farko ko da yaushe.

Kwafin kansa

Saita manhajar a 24-bit da 96 kHz, fayil ɗin WAV, layi biyu ko da naɗin na layi ɗaya ne. Awa ɗaya tana cin kusan gigabait 2. In wuri ya yi ƙaranci, 48 kHz ya wadatar, yana cin rabin haka. Nemi wuri mafi ƙara a kaset ɗin ka saita ƙarfin shiga yadda ba zai haura −6 dB ba. Kashe duk wani abin da ke daidaita ƙara da kansa ko rage hayaniya a kwamfutar. Fara naɗi kafin ka danna kunnawa, ka bar gefen ya tafi har ƙarshe ba tsayawa, har da shirun da ke tsakanin waƙoƙi da surutun da ke bayansu. Ƙirgen da mawaƙi ya yi kafin a fara, ko muryar wani yana cewa a sake, su ne suke taimakawa wajen gane wane naɗi ne wannan. Zauna kusa ka saurara. Da ka ji ƙara kamar kukan ɓera daga cikin rakodar, tsayar da ita nan take, zaren ne yake gogar kai da ƙarfi.

Sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, ka rubuta a wata takarda irin rakodar, da saitin da ka yi amfani da shi, da ranar. Ajiye shi a wuri biyu, kada ka sake taɓa shi. Duk gyara a kan kwafinsa za a yi.

Gyaran gudu

Rakodojin gida na wancan zamani sukan yi sauri ko jinkiri da kashi 2 zuwa 4 cikin 100, kuma kowane kwafi yana ƙara nasa kuskuren. Kusan kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga waƙa zuwa sautin da ke gaba da nata. Abin da aka saba shi ne a gwada da fiyano a daidaita, amma a synthpop na farko wannan yana yaudara. Kayan da suke kaɗawa, irin su Yamaha CS-5 da Moog Prodigy da Korg 700S, da hannu ake saita sautinsu, wasu kuma sukan zame yayin da suka ɗauki zafi. Ƙungiyar tana iya kasancewa ta saita kanta sama ko ƙasa da ma'aunin 440 Hz, wanda aka saba saita kayan kiɗa a kansa, tun a ɗakin.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce gurnanin wutar lantarki. Wutar Ingila tana kaɗawa a 50 Hz, kuma kusan kowane naɗin ɗaki ya kwashi wannan gurnani. Zaɓi wurin shiru tsakanin waƙoƙi, ka buɗe Plot Spectrum a Audacity da girman 65536. Idan tsinin gurnanin ya fito a zanen a 52 maimakon 50, kaset ɗin yana sauri da kashi 4 cikin 100, sai ka ninka gudun da 50 bisa 52, wato 0.9615. Bayan gyaran, duba ko 'ya'yan gurnanin sun koma 100 da 150 domin tabbatarwa. Yi amfani da umarnin da ke canza gudu da sauti tare, Change Speed (a sababbin fitowar manhajar sunansa Change Speed and Pitch), ba wanda ke canza ɗaya ya bar ɗaya ba, tunda zaren ma tare ya canza su. Amma wutar Najeriya da Nijar ma 50 Hz ce, saboda haka tabbatar gurnanin ba naka ba ne: tsayar da zaren ka ga ko tsinin ya ɓace. In ka ga tsini biyu ko uku kusa da juna, kowanne daga rakoda daban ya fito, alamar kaset ɗin kwafin kwafi ne.

Tsaftacewa, da sanin inda za a tsaya

Bayan gudu ya daidaita, a cire gurnanin da siririyar matata a 50 da 100 da 150 Hz. Sai an yi hattara, domin bas ɗin sintesaiza yana zaune a wannan yanki, matata mai faɗi za ta rame shi. Ƙas-ƙas ɗin da maɓalli ko waya suka haifar a gyara su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Masu cire su kai tsaye sukan ɗauki bugun injin ganga a matsayin datti. Injin ganga na Boss DR-55, wanda matasa da yawa suka fara da shi saboda arha, bugunsa gajere ne ƙwarai, manhaja ba ta bambanta shi da ƙas.

Hucin zare kuwa, a rage shi da 6 dB ko ƙasa da haka, ko a bar shi. Kugen waɗannan injuna da hucin lantarki ake ƙera shi, saboda haka duk abin da ya cinye huci zai cinye kugen tare. In aka matsa, sai sautin ya koma kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Mai sauraro yana mantawa da huci bayan daƙiƙa kaɗan, amma wancan gurɓatar ba ta barin kunne. Kada a ƙara amo, kada a buɗe naɗin layi ɗaya ya zama biyu na ƙarya. In naɗin na layi ɗaya ne, saurari hagu da dama, ka ɗauki wanda ya fi tsafta ko ka haɗa su. Hagu yana gefen zare, shi ya fi samun ɗaukewar sauti.

Tantance asali da shekara

Kasuwar irin waɗannan naɗe-naɗe cike take da lakabin ƙarya. Hoton sautin yana tona wasu. Siririn layi a 19 kHz yana nuna daga rediyon FM aka ɗauka. Yankewa ƙat a wajen 16 kHz tana nuna sautin ya taɓa zama MP3 kafin a mayar da shi kan kaset. Kayan kiɗan ma suna faɗin shekara: Roland TR-808 ta fito a 1980, LinnDrum a 1982, Yamaha DX7 a 1983. Naɗin da aka ce na 1979 ne amma ana jin ƙararrawar DX7 a ciki, lakabinsa ba daidai ba ne. Yawancin sintesaizar da matasan nan suke iya saya sauti ɗaya suke fitarwa a lokaci guda, don haka a naɗin farko za ka ji layuka sirara suna bin juna, ba cikakken taushi na yatsu da yawa ba. Zanen takardar kaset ɗin ma yana taimakawa, domin TDK da Maxell da BASF sukan canza shi bayan 'yan shekaru, kuma naɗi ba ya girme kaset ɗin da yake kai sai in kwafi ne.

Kwatanta abin da ka samu da waɗanda aka fitar a hukumance. Naɗe-naɗen farko na The Human League sun fito a 2002 da sunan The Golden Hour of the Future, na Soft Cell kuma a 2005 da sunan The Bedsit Tapes. A kusa da mu, kiɗan ogan na Mamman Sani da aka naɗa a gidan rediyon Nijar a 1978 a kaset ya zauna har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, kuma matakan nan duka suna aiki a kan irinsa.

Mallakar kaset ba ta ba ka mallakar waƙar. Haƙƙin yana hannun waɗanda suka rubuta suka naɗa, ko da ba su da kamfani a lokacin, saboda haka a tuntuɓe su ko magadansu kafin a yaɗa ko a sayar. Shi kuma kaset ɗin a mayar da shi kwalinsa, a jingine shi a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika da taga, domin wata rana za a iya samun rakodar da ta fi taka a sake kwafarsa.